Kunnen Zinariya da Piyanon Lola Pising

Garuruwa da yawa a tsibirin Negros suna da rake, wasu suna da injin sukari, wasu kuma tsofaffin benaye da gara ke ci a tsanake. Amma Santa Rufina kaɗai Allah ya zaɓa ya ba Maestro Anacleto Dumalagan, kuma shi da bakinsa yake tuna mana wannan falala, don kada mu shagala mu manta.

Mutum ne da kunnensa ya yi wa garinmu girma. Idan aka buga ƙararrawar coci, sauran jama'a su cire hula, shi kuwa ya yamutsa fuska, don a cewarsa muryar ƙararrawar ta kauce tun kafin a haife mu. Ya taɓa kai ƙarar zakaran maƙwabcinsa wajen mai unguwa. Tashinsa da asuba bai dame shi ba, abin da ya kasa jurewa shi ne zakaran yana fara cara daidai, ya ƙare a karkace. Shi ya sa muka laƙaba masa Kunnen Zinariya. Ya ji sunan, ya ɗauka da gaske muke, har ya sa aka rubuta a allon shagonsa.

A Jamus ya yi karatu. Wannan kowa ya sani, don ba a gaisawa da shi a rabu bai faɗa ba. Masu baƙin ciki suna cewa wai jirgin ruwan da yake wa wanke-wanke ne ya lalace a tashar Hamburg, ya yi 'yan makonni yana leƙen shagon masu piyano ta gilashi. Suna ƙarawa da cewa sana'ar a hannun kawunsa ya koya, wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa yana bin ƙauyuka a kan keke yana gyaran kayan kiɗan coci. Mu dai ba ruwanmu da hassada. Abin da muka gani da idonmu shi ne ya tafi yana Totong, mai cin busasshen kifi da hannu kamar kowa, ya dawo yana Maestro, wato babban gwani, da farar riga irin ta likita, da safar hannu, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu rataye a wuya. Wannan ƙarfen yake bugawa a gwiwa, ya kara a kunne, ya lumshe ido kamar mai karɓar saƙo daga sama.

Abin haushin shi ne ya iya aikin. Da bai iya ba, da mun yi dariyarmu mun huta. Amma ka kawo masa piyanon da ɓera ya yi jika a ciki, wanda danshin teku ya cinye wa wayoyi, ya mayar maka da shi yana magana kamar sabo. Sai dai kada ka kuskura ka ce ya gyara. "Mai facin taya ke gyara," in ji shi. "Ni farfaɗowa nake yi." Piyanonin da ke shagonsa marasa lafiya yake kiransu. Na'urar sanyaya ɗaki tana yi musu aiki safe da rana, matarsa kuwa tana baranda tana fifita da kwali.

To, a bakin titin coci akwai wani tsohon bene na katako, gidan Doña Felicisima, wadda duk gari ke kira Lola Pising, wato Kaka Pising, har waɗanda suka kusa kai ta a shekaru. A falon sama akwai babban piyano mai ƙafa uku, wanda ya zo a jirgin ruwa tun zamanin kakarta, lokacin da sukari ke sarauta. Kowace shekara, ranar ƙarshe ta watan Mayu, idan aka fito da mutum-mutumin Maryamu cikin furanni ana jerin gwano, sai a tsaya a ƙarƙashin tagar Lola. A zuge manyan tagogin, ta zauna ta buga, ƙawayenta su rera waƙar yabo guda ɗaya, titi ya yi tsit, sannan a wuce. Tun suna 'yan makarantar sistocin coci suka fara, a lokacin sun cika falon. Yanzu su biyar suka rage, kuma biyu sai an riƙe su a matakala.

Bara abin bai yi daɗi ba. Maɓallai uku na piyanon sun ƙi magana, wani kuma idan an taɓa shi sai ya yi kuka irin na akuya. Sabon limamin cocinmu, Fada Rico, matashi ne mai babur da son lasifika. Ya hau benen cikin ladabi, ya sumbaci hannun Lola, ya ce ko za a bar matasa su riƙa yin waƙar a dandali, jerin gwanon ya wuce kai tsaye, ita ma ta huta.

"Fada, wa ya ce maka na gaji?" in ji Lola. "Laifin piyano ne, ba namu ba. Ka ba mu shekara mai zuwa. In muka kasa, ka wuce da Maryamu, ba zan ce uffan ba."

Fada ya yarda. Duk wanda ya san Lola ya san abin da ta sa a gaba: mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse ƙasashen waje, gonar rake ta tafi, wannan tsayawar a ƙarƙashin tagarta ita kaɗai ta rage mata. Sai ta aika a kira Kunnen Zinariya.

Ya zo da laima, ko da yake babu ruwa babu rana. Da shigarsa ya ce a kashe fanka, a fitar da kyanwa, kowa ya rage numfashi. Ya ɗaga murfin piyanon da yatsu biyu. A ciki ya tarar da sheƙar ɓera, da carbin da Lola ta daɗe tana zargin mai wanki da shi, da allurorin gashi na mata uku da suka riga mu gidan gaskiya. Ya buga ɗan ƙarfensa a gwiwa, ya kara a kunne, ya danna maɓalli ɗaya. Sai ya dafe ƙirji ya ja da baya.

"Lola, wa ya aikata wannan?"

"Aikata me, Totong?"

"Maestro, Lola."

"Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma, ka jiƙa min rigar coci. Aikata me?"

Ya share maganar kamar bai ji ba. Ya ce a Hamburg da an ga piyano a wannan hali da hukuma ta shigo ciki. Ya ce wannan ba kayan kiɗa ba ne, sarauniya ce aka ƙasƙantar, kuma Allah ya tsawaita ranta ne har ta riski zuwansa. Lola ta ce ita dai buƙatarta maɓallan nan uku su yi magana, akuyar kuma ta yi shiru. Maestro ya yi irin murmushin da ake wa yaro idan ya ce zai kamo wata.

"Ba zan wahalar da ke da bayanin da sai wanda ya je Turai zai gane ba. Ki bar min ita."

Ranar da aka sauko da piyanon ta taga, rabin gari ya fito kallo. Masu saran rake ne suka yi aikin, da igiyoyi da gora, suna tafiya da irin kirarin da suke wa juna idan suna ɗaga kaya mai nauyi. Maestro yana tsakiyar titi yana kaɗa hannu biyu kamar mai jagorantar makaɗa, yana "A hankali! Hagu! Na ce hagu!" Ba wanda ya dube shi, kuma dama suka yi, don hagu akwai wayar lantarki. Da piyanon ya dira lafiya, shi ne ya juyo ya rusuna wa jama'a.

Watanni piyanon ya yi a shago. Ya zare tsofaffin wayoyi masu tsatsa ya ɗaura sababbi. Ya sake wa 'yan gudumomin da ke bugun wayoyin sabon ulu. Faffaɗan allon ciki da ya tsage, ya bi shi tsaga-tsaga yana cusa siraran katako har ya haɗe. Jikin kuwa ya goge shi har mutum na iya aske gemu a gabansa. Ranar Lahadi bayan an taso coci yakan yaye labulen shagon, a ba talakawa damar kallo ta gilashi, amma ban da jingina.

Da Mayu ya kama, Lola ta aiki Manang Soling, wato Yaya Soling, wadda ke ɗaukar babbar murya a cikin ƙawayen nata, kuma wadda bakinta ya fi muryarta kaifi.

"Totong, Lola ta ce a dawo da piyano, za mu yi gwaji."

"Mara lafiya ba ya barin asibiti sai likita ya sallame shi, Manang."

"To likita, mu da za mu yi waƙar fa?"

"Ku yi gwajinku a kicin. Da irin piyanon da zan kawo muku, ko tari kuka yi sai ya zama waƙa."

"Allah ya sa, don tarin dai muna da shi."

Haka tsofaffin suka yi ta gwaji a kicin, babu kiɗa, da muryar da suka saba. Maestro kuwa bai sallami mara lafiyarsa ba sai da safiyar ranar bikin, don ya riga ya tsara yadda za a yi. Ya gayyato matar magajin gari, da Fada Rico, da duk masu tsofaffin benaye waɗanda ya san akwai piyano a falonsu yana jiran mai ceto. Aka hau da piyanon, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle. Aka jera kofi da waina. Maestro ya tsaya a gaba, ya gyara wuyan riga.

"'Yan uwa," ya fara, "akwai mutanen da Allah ya ba dukiya, akwai waɗanda ya ba mulki. Ni kunne ya ba ni, kuma ban roƙa ba. Nauyi ne, ku da ba ku da shi ku gode masa. Abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, da na same shi gawa ne. Ban yi barci ba, ban ci abinci ba." A nan matarsa ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar. "Yau Santa Rufina za ta ji abin da sai a Hamburg ake ji."

Ya fizge ƙyallen. Gaskiya kowa sai da ya ja numfashi. Lola ta zauna, ta ɗora yatsunta da suka lanƙwashe, ta buga farkon waƙar. Sautin ya cika falon, garau, mai zurfi, babu akuya babu bebe. Idon Lola ya kawo ruwa. Ta ce rabonta da jin shi haka tun mahaifiyarta na da rai.

Sai tsofaffin suka shiga. Baitin farko ya tafi, amma da ƙyar, kamar masu hawan tudu da tulu. Suka fara kallon juna. Da aka zo inda waƙar ke tashi sama, wurin da titi ke jira kowace shekara, Manang Soling ta miƙa wuya, jijiyoyi suka fito, abin da ya fita daga bakinta kuwa ƙarar tsohuwar ƙofa ne. Aka sake daga farko. Wannan karon tsohuwa ta biyu ta sarƙe da tari, ta uku ta zauna. Fada Rico ya shiga nazarin takalminsa.

"Yesu, Maryamu da Yusufu!" in ji Manang Soling. "Jiya a kicin na kai wurin nan ina yanka albasa. Totong, me ka yi masa?"

Maestro ya yi ta jiran wannan tambaya, har ya tako gaba don kowa ya ji. Ya ce da ya sami piyanon, muryarsa ta sauka ƙasa da inda duniya ta amince, mataki ɗaya da rabi cur. Danshin teku ya yi ta sassauta wayoyin shekara da shekaru, masu gyaran da suka gabata kuwa, matsorata, suna tsoron tsinka waya mai tsatsa, sai su daidaita shi a inda suka same shi su tafi. Shi ne ya ɗaga shi, ya mayar da shi daidai da ƙarfen da ke wuyansa, daidai da Jamus.

A nan muka gane abin da ya faru. Piyanon tare da su ya tsufa. Kowace shekara ya ɗan sauka, maƙogwaronsu ma ya ɗan sauka, ba wanda ya lura don tare suke gangarowa. Yanzu an mayar da shi saurayi, an bar su a inda suke.

"To, saukar da shi," in ji Lola. "Jerin gwano sai da yamma. Akwai lokaci."

"Lola, ki ce in saukar da sunana."

"Sunanka ba ya cikin waƙar, Totong."

"Ke ki sauko da kiɗan ƙasa da yatsunki mana. A Turai kowane ɗan makaranta ya iya."

"Yatsun nan hanya ɗaya suka sani, wadda sista ta koya musu da rula. Yau za su koyi wata?"

Maestro ya ɗauki sifanar da yake ɗaure wayoyi da ita, ya sa a aljihun farar rigarsa, ya ɓalle maɓalli. Ya dubi matar magajin gari don ta shaida irin riƙon amanarsa ga sana'a.

"Piyano yana daidai," ya ce. "Maƙogwaro ne ke buƙatar likita, kuma wannan ba fannina ba ne."

Ban taɓa jin ina son in mari mutum mai safar hannu kamar ranar ba. Lola ta ɗauke hannunta daga kan maɓallan ta ɗora a cinya, ta dubi tagar. Fada Rico ya gyara murya, ya ce babu komai, ai matasa sun riga sun shirya ko da ma, Lola ta yi shekarunta, Allah ya gani. Bai kai ƙarshe ba Manang Soling ta ɗauki jakarta ta sauka, matakalar na amsa kowane taku.

A kusurwar titin akwai shagon wata bazawara, inda masu babur mai ƙafa uku ke zama gindin mangwaro suna kashe waƙoƙin soyayya da akwatin karaoke, mai buga kiɗa mutum ya bi da murya. Manang Soling ta isa, ta nuna huɗu daga cikinsu da leɓe, waɗanda ta san iyayensu da kakanninsu. Kafin kofi ya huce sai ga akwatin yana hawa bene a kafaɗa, da lasifikarsa, da fitilunsa ja da kore, da hoton wata mace a bakin teku a jikinsa.

Aka rasa inda za a ajiye shi. A kan daɓe, sautin ba zai kai titi ba. Teburin cin abinci ya yi nisa da taga. Manang Soling ta dubi falon, ta dubi piyanon da ke daidai bakin taga, ta ce a rufe murfin.

"Manang!" Maestro ya yi ƙara. "Wannan fentin hawa-hawa ne! Wannan sarauniya ce!"

"Shi ya sa za mu shimfiɗa mata ƙyallenka, kada ta ji ciwo. Ɗora, yara."

Ta lalubo waƙar yabon a can tsakanin waƙoƙin saki da na kewar masoyi. Akwatin ya fara. Ta saurara, ta girgiza kai, ta danna maɓallin da kowane mashayin giya a ƙasar nan ya sani, wanda ke sauko da waƙa ta dawo daidai wuyan mai yin ta. Ta danna, ta sake, ta sake. Ta buɗe baki. Muryar ta hau wurin nan mai tsawo ta zauna daram.

Da rana ta yi sanyi jerin gwanon ya iso, 'yan mata da fararen riguna, kyandir a hannun kowa, Maryamu cikin furanni har wuya. Fada Rico ya ɗaga hannu, aka tsaya. Aka zuge tagogi. Kiɗa ya sauko, da goge, da kakaki, da ganga a hankali a ƙarƙashi, sannan muryoyin tsofaffi biyar suka biyo, suna rawa kaɗan amma ba su faɗi ba. Da suka kai wurin tashi, titin ya riƙe numfashi, suka haye. Mata suka fara share ido da gefen mayafi. Mu da ke sama mun ga abin da na ƙasa ba su gani ba: Lola tana zaune a kujerarta ta kullum, tana waƙa, yatsunta suna tafiya a kan rufaffen murfi, suna bin hanyar da suka sani, babu sauti. Na yi murna, kuma zuciyata ta yi min zafi.

Da aka gama, tafi ya ɓarke. Fada Rico ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Sai baɗi, Lola, a nan!"

Maestro duk wannan lokacin yana kusurwa bayan tukunyar fure, ya sha mur, yana jimamin wulaƙancin da aka yi wa ilimi. Sai wani a titi ya yi kira: "Ina Maestro? A fito mana da Maestro!" Wasu suka ɗauka. Ai duk gari ya san watannin da ya yi a kan piyanon, ga shi kuma sun ji sakamako. Ban ce ya yi niyya ba, ƙafafunsa ne suka kai shi taga.

"Kunnen Zinariya!" in ji wani mai sayar da gasasshiyar kaza. "Ashe har ganga ka sa masa a ciki? Da kakaki?"

Maestro ya dubi taron da ke titi. A bayansa fitilun akwatin suna ta walƙiya, ja da kore. Matar magajin gari ta rufe baki da mafici. Sai ya dafa ƙirji da safar hannunsa, ya sunkuya har ɗan ƙarfen wuyansa ya bugi katakon taga.

"Fasahar Jamus ce," ya ce.

Ya dawo ciki fuskarsa na sheƙi, ya tsaya gaban Lola yana goge gumi.

"Kin dai ji jama'a, Lola. Ke fa, me za ki ce?"

Lola ta shafa farin ƙyallen, ta ɗan girgiza ƙafar piyanon da hannu, ta gyaɗa kai.

"Ka yi aiki, Totong. Tun zamanin kakata gidan nan bai taɓa samun tebur mai ƙwari irin wannan ba."